Kafin ka yi sari, auna kasuwar da wayarka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ƙaramin ɗan kasuwa ne, na tara ɗan jari ina so in fara sayar da fitilun sola, irin waɗanda har waya ake caji da su. Duk wanda na gaya wa sai ya ce sana'a ce mai kyau, amma ina tsoron in saro kaya su yi mini kwantai. Ba ni da kuɗin ɗaukar masu bincike. Akwai yadda zan gane ko mutane na buƙatar kayan ba tare da na kashe kuɗi ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai, kuma wayar da ke hannunka ta isa. Sai dai ka ajiye maganar "kowa ya ce sana'a ce mai kyau" a gefe tukuna. 'Yan'uwa da abokai kara suke yi maka, ba sa son su kashe maka gwiwa, kuma ba aljihunsu ne zai yi kuka ba idan kaya suka zauna. Abin da kake nema shi ne mutanen da ba su san ka ba, waɗanda ke da matsalar da fitilarka za ta magance, kuma suke shirye su biya farashin da zai bar maka riba. Sharaɗi uku ke nan, kuma yawancin manhajojin kyauta na farko da na biyu kawai suke iya nuna maka.

Fara da Google Trends, shafin kyauta da ke nuna yadda neman kalma a Google ke hawa da sauka. Ka buɗe shi a burauzar waya, ka zaɓi ƙasarka, ka sa tsawon lokaci ya zama shekara 5, sannan ka rubuta sunan kayan. Zai fito maka da zane mai lambobi daga 0 zuwa 100. A nan mutane da yawa ke ruɗewa: 100 ba ta nufin mutum ɗari ne suka nema. Tana nufin lokacin da neman kalmar ya kai ƙololuwa a cikin zangon da ka zaɓa, sauran lambobin kuma ana auna su ne da wannan ƙololuwar. Idan ka ga 50, to rabin wancan ne. Saboda haka kalma ɗaya tilo ba ta gaya maka komai game da girman kasuwa. Amfanin yana fitowa ne idan ka kwatanta, kuma ana iya jera kalmomi da dama a lokaci guda. Ka sa fitilar sola kusa da abin da ka riga ka san yana tafiya, kamar cajar waya ko tocila. Idan layin fitilar ya kwanta a ƙasa kamar babu shi, ka samu labari. Idan yana bin sawun ɗayan, wannan ma labari ne.

Dalilin zaɓar shekara 5 shi ne ka ga ko abin na da kaka. Idan kowace shekara layin na tashi a watanni iri ɗaya ya sauka a wasu, to ka san lokacin sari da lokacin da za ka riƙe kuɗinka. Tashi guda ɗaya mai tsini da ya faɗi bayan mako biyu kuwa yawanci wani labari ne ya jawo shi, ba masu saye ba. Ka gangara ƙasa ka duba yankunan da aka fi nema, da kuma jerin kalmomin da neman su ke ƙaruwa. A nan za ka iya ganin cewa mutane sun fara karkata ga fitila mai fanka ko mai babban batir.

Wani tarko: idan ka rubuta kalmar da harshen da ba a yawan bincike da shi a intanet, Trends na iya nuna maka 0 ko ya ce bayanai ba su isa ba. Wannan ba ya nufin babu masu so. Yana nufin masu son ba sa rubuta wannan kalmar a Google. Ka gwada da Turanci, ka gwada da sunan da masu sayarwa ke kiran kayan, har da rubutun da mutane ke kuskurewa. Akwatin binciken Google da na YouTube za su taimaka: ka rubuta rabin jimla ka tsaya, ka ga abin da suke cika maka. Waɗannan cike-ciken daga abin da mutane ke nema da gaske suke fitowa. Ka lura da bambancin mai rubuta "yadda fitilar sola ke aiki" da mai rubuta "farashin fitilar sola". Na farko ɗalibi ne, na biyu hannunsa na kusa da aljihu.

Idan kana son adadi na zahiri na sau nawa ake neman kalmar, akwai Keyword Planner a cikin Google Ads, wato shafin tallace-tallace na Google. Sai ka buɗe asusu, amma ba dole ka biya talla ba. Ga wanda ba ya kashe kuɗin talla, kewayo yake bayarwa, kamar 100 zuwa 1,000 ko 1,000 zuwa 10,000 a wata. Faɗin ya yi yawa, amma ya isa ya raba maka ƙaramar kasuwa da babba. Yana kuma nuna abin da masu talla ke tayawa a kan kalmar, kuma ba a tsawwala tayi a kan kalmar da ba ta kawo ciniki.

Ni a ganina abin da ya fi waɗannan duka amfani ga ƙaramin ɗan kasuwa shi ne rumbun tallace-tallacen Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, rumbun da ake kira Ad Library. Kowa na iya shiga. Ka zaɓi ƙasa, ka zaɓi dukkan tallace-tallace, ka rubuta sunan kayan, sai ya jero maka tallan da ke gudana a Facebook da Instagram tare da ranar da kowanne ya fara. Ranar nan ita ce abin dubawa. Wanda ya ƙaddamar da talla jiya gwaji yake yi kamar kai. Wanda tallansa ya shafe wata 3 ko 4 yana gudana, da wuya a ce asara yake ta tafkawa yana ci gaba da biya. Ka ƙirga irin waɗannan. Kada yawan masu sayarwa ya firgita ka. Filin da ba kowa a cikinsa shi ya fi ban tsoro, domin sau da yawa wasu sun riga sun gwada sun fita.

Daga nan ka shiga sharhin masu saye, a ƙarƙashin tallan da kuma shagunan intanet. Ka bar masu tauraro 5 da masu tauraro 1, ka karanta masu 2 da 3, don su ne suka yi amfani da kayan suka faɗi inda ya gaza. Ka karanta aƙalla 50, kana rubuta kowane ƙorafi da sau nawa ya maimaitu. Idan "batirin ya mutu bayan wata biyu" ya fito sau goma sha, ka san tambayar da za ka yi wa dila kafin ka karɓi kwali ko ɗaya, kuma ka san abin da za ka tallata da shi.

Game da tambayar mutane kai tsaye, Google Forms kyauta ne, amma kada tambayoyin su wuce 5 ko 6, kuma kada ka tambayi "za ka saya?" Kowa zai ce eh. Ka tambayi abin da ya riga ya faru: da me kake haska ɗaki idan wuta ta ɗauke, yaushe ka saye shi, nawa ka biya, me ya lalace a jikinsa. Wanda bai taɓa kashe ko kaɗan a kan matsalar ba, da wuya ya fara a kanka. Ka nemi amsar baƙi 30 zuwa 50. Ƙuri'ar da ake jefawa a rukunin WhatsApp kuma ka ɗauke ta da sauƙi, domin kowa na ganin abin da ɗan'uwansa ya zaɓa, sai a bi yarima a sha kiɗa.

Duk wannan sha'awa ya auna. Sharaɗi na uku, wato biya, ba ya aunuwa sai ka sa farashi a gaban mutum. Kafin ka yi haka, ka fitar da lissafinka: kuɗin sari, sufuri, haya, da na kayan da za a dawo maka da su, sannan ka raba kuɗin da kake kashewa a wata da ribar fitila ɗaya. A ce ya fito 40. To fitila 40 a wata ita ce iyakar da ba riba ba faɗuwa, kusan 10 ke nan a mako.

Yanzu ka samo samfuri guda ɗaya ko biyu, ka ɗauki hotonsu da ɗan bidiyo a cikin duhu, ka sa a kundin kayayyaki na WhatsApp Business da Facebook Marketplace da ainihin farashin da kake son sayarwa. Kada ka sassauta farashi don gwaji. Idan ka yi haka, kasuwar da ba za ka iya ci ba ka auna. Ka faɗi gaskiya cewa kaya za su iso rana kaza, mai so ya ba da kafin alƙalami, ko da kashi 10 cikin ɗari ne, kuma za a mayar masa da kuɗinsa idan ranar ta wuce. A Google Sheets ko a littafi ka ja layi huɗu: waɗanda suka gani, waɗanda suka tambayi farashi, waɗanda suka yi tayi, da waɗanda suka ba da kuɗi.

Tun kafin ka fara, ka rubuta adadin da zai gamsar da kai, misali kafin alƙalami 10 daga baƙi cikin kwana 14. Idan ba ka rubuta ba, zuciya za ta lallashe ka cewa 3 ma ba laifi. Inda layin ya tsinke shi ke nuna ciwon. An gani da yawa ba a tambaya ba: hoton ko wurin da ka tallata ne bai dace ba. An tambaya sai a yi shiru bayan jin farashi: ko ya yi tsada, ko ba su ga abin da ya bambanta ta da ta wasu ba. An yi ciniki an ƙi ba da kuɗi: ba su amince da kai ba tukuna, sai ka gwada biya bayan an karɓi kaya. Ka canza abu ɗaya kawai a kowane zagaye, ka sake kwana 14. Idan ka cimma adadin, sarin farko kada ya wuce ninki biyu na abin da aka yi oda, kuma kada ya ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na jarinka, don ka ga nawa za a dawo maka da su kafin ka koma wurin dila.