Tambaya da Amsa: Wa ke juya kuɗin makarantun gwamnati?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne shugaban kwamitin SBMC (kwamitin iyaye da mutanen unguwa mai kula da makaranta) na wata firamare a cikin birnin Zariya. Duk shekara muna ji a rediyo an ware wa ilimi kaso mai tsoka, amma damina biyu ke nan rufin ajinmu a yaye, yara kuma a ƙasa suke zaune. Jama'a na cewa masu makarantun kuɗi ne suka saye 'yan majalisa don ta gwamnati ta mutu. Abin ya tsaya mini a rai. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka maka da alheri a kan wannan hidima.

Zancen saye majalisa kada ka ɗauka sai da hujja. Matsin lamba kuwa akwai shi, kuma yawancinsa a fili ake yi. Ƙungiyar malamai ta NUT, ƙungiyar masu makarantu masu zaman kansu ta NAPPS, 'yan kwangila, masu buga littattafai, ciyamomin ƙananan hukumomi, kowa yana da mai yi masa magana in kwamitin ilimi ya zauna a Lugard Hall, zauren majalisar dokokin Jihar Kaduna. Ka tuna 2017, da gwamnatin El-Rufa'i ta ce malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar gwaji, NUT ta shiga yajin aiki a farkon 2018. Ka duba kuma yadda take turjiya a kan mayar da albashin malaman firamare hannun ciyamomi, musamman bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi. Mai ƙungiya ana jin muryarsa.

Amma abin da ke damuna yana cikin tambayarka, wato "an ware". Kullum sai na ci karo da shi, har a bakin masu digiri. Malam, warewa daban, sakin kuɗi daban. Abin da gwamna ya karanta a gaban majalisa ƙiyasi ne. Bayan an sa hannu, sai ma'aikata ta rubuta takardar neman kuɗi, a amince, Akanta Janar ya saki, in akwai abin sakin. A wannan tsakanin ne masu uwa a gindin murhu ke cin kasuwarsu, ba sai sun taɓa ko layi ɗaya na doka ba. Fayil ɗin wanda ke da mai bi masa ya tashi, na rufinku ya kwana a durowa.

Sai kuma masu ihun "UNESCO ta ce kashi 26", wato wai hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a ba ilimi kashi 26 cikin ɗari na kasafi. Sun ishe ni. Abin da ƙasashe suka amince da shi a taron ilimi na duniya na 2015 a birnin Incheon na Koriya ta Kudu shi ne kashi 15 zuwa 20 na kuɗin da gwamnati ke kashewa, ko kashi 4 zuwa 6 na abin da ƙasa ke samarwa. Kashewa aka ce. Mutum ya shafe awa guda a rediyo yana musu a kan kaso, bai taɓa buɗe rahoton aiwatar da kasafi na wata uku-uku ba, wanda a ciki ake ganin nawa aka fitar. Wannan musu ba wanda yake wa daɗi irin ɗan kwangila, domin ya ɗauke idon jama'a daga inda kuɗin ke bi.

Ko kuɗin tarayya haka suke. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta keɓe kashi 2 na asusun kuɗin shiga na gwamnatin tarayya, amma jiha ba za ta karɓi tallafin gine-gine daga UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, ba sai ta ajiye kwatankwacinsa. In an karɓo, SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ce ke tsara jerin makarantun da za a taɓa, kuma wannan jerin shi ne filin dagar. Shi ya sa za ka ga sabon bulo a bakin titi, fenti na sheƙi, da allo mai ɗauke da sunan onarabul, alhali a lungu cikin ganuwa yara sun yi layi jikin bango suna kauce wa yoyo. Gyaran rufi da horar da malami ba a yanka musu ƙyalle a gaban kyamara.

Don haka ku rubuta wa Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma da SUBEB, da hotuna da adadin yara, ku karɓi kwafi mai hatimi. Ku tambaya a rubuce ko makarantarku na cikin tsarin aikin bana. Ku haɗa kai da sauran kwamitocin SBMC na Zariya da Sabon Gari, ku tafi da mai unguwa da liman wurin ɗan majalisarku tun kafin a miƙa kasafi, ba bayan an sa hannu ba. Ranar jin ra'ayin jama'a ku kama hanyar Kaduna. Mambobi 34 ne a majalisar jihar nan, kuma da ƙuri'un iyayen yaran da ke zaune a ƙasa suka shiga. 'Ya'yan nan amana ce a wuyanmu, Malam, kuma za a tambaye mu. A zaman kwamitinku na gaba, ku sa rana ku rubuta takardar.