Zan iya saita fiyanona da kaina?

Tambaya: Muna da fiyano a gida a Jos, kuma tun shigowar hunturu sautinsa ya sauka, wasu maɓallan suna fitar da murya biyu. Kusoshin da aka ɗaura wayoyin a kansu sun yi tsatsa. Wani maƙwabci ya ce in ɗiga musu mai, in juya su da sifana ina duba manhajar waya. Kuɗin mai gyara yana ba ni tsoro, amma na fi tsoron lalata shi.

Amsa: Malama, saukar sautin ba lalacewa ba ce. Allon sauti, wato faffaɗan allon da ke cikin fiyano yana ƙara wa wayoyin murya, katako ne, yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, wayoyin su saki. Shi ya sa ake saiti sau biyu a shekara, makonni kaɗan bayan yanayi ya sauya.

Maganar mai ita ce ta tayar mini da hankali, domin kullum sai na tarar da wannan ɓarna. Fiyano yana da wayoyi kusan 230, jimillar ƙarfin jansu ta kai tan 18 zuwa 20, kuma babu noti da ke riƙe da kusoshin nan. Matsewar katakon da aka kafa su a ciki ce kaɗai take hana su warwarewa. Da zarar mai ya tsotsu cikin katakon, kusa ba za ta ƙara riƙe sauti ba, kuma ba a iya wanke shi, sai dai a sake katakon gaba ɗaya, aikin da sau da yawa ya fi kuɗin fiyanon. Masu ba da wannan shawara sun saba da ƙofa da injin janareta ne, inda mai yake magani, amma suna magana kamar sun san aikin. Sifana kuma tana cinye kan kusa ko ta lanƙwasa ta, juyi kaɗan ya wuce kima waya ta tsinke. Manhaja za ta nuna miki 440, wato lambar ma'aunin sautin da ake saita fiyano a kai, amma ba za ta koya wa hannunki zaunar da kusa ba.

Naki aikin shi ne ki nisanta shi da taga da rana, ki rufe shi saboda ƙura, ki riƙa duba gara da ɓeraye. Ki kira ƙwararre, ki gaya masa yaushe rabon a saita shi, domin idan ya daɗe sai an ɗaga sautin tukuna kafin saiti na biyu.