Tambaya da Amsa: Wai Turawan Fotugal ma suna da aljanu mata?

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a nan Jos, Unguwar Rogo nake. Ƙawata ce ta turo min wani bidiyo a WhatsApp wai a ƙasar Fotugal akwai aljanu mata da ke zama a bakin rijiya suna taje gashi da matajin zinare, kuma wai 'ya'yan Musulmin Andalus, wato Sifaniya da Fotugal na zamanin mulkin Musulmi, ne da aka tsafe aka tafi aka bari. Mun yi ta musu har dare. Don Allah gaskiya ne ko dai irin ƙaryar intanet ce?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. To ba ƙirƙirar mai bidiyon ba ce, labari ne tsoho da mutanen Fotugal da na Galisiya, can arewa maso yammacin Sifaniya, suka gada daga kakanninsu. Suna kiran irin matan nan moura encantada. Amma fa tatsuniya ce, ba tarihi ba, kar ki je ki kafa hujja da ita.

Yadda suke faɗa, budurwa ce kyakkyawa mai dogon gashi da sihiri ya ɗaure a wani wuri, bakin idon ruwa ko rijiya ko kogo ko kufan tsohon gari, tana gadin dukiya. Wani lokaci ta fito a siffar maciji. An fi cewa ana ganinsu a daren bikin Kiristoci na Saint John, wato 23 ga Yuni wayewar 24. Wanda ya yi abin da ta ce kuma ya kama bakinsa zai kwance ta ya samu zinare, amma kusan kullum sai mutum ya ɓata abin, ko tsoro ya kama shi ko ya je ya faɗa wa wani, kyautar ta koma gawayi. In kin taɓa jin labarin 'yan ruwa da ake ba mu muna yara to kusan gida ɗaya suka fito.

Wanda ni ya fi burge ni shi ne na garin Loulé a yankin Algarve, kudancin Fotugal. Wai da Kiristoci suka ci garin, gwamnan Musulmi ya tsafe 'ya'yansa mata uku, Zara da Lídia da Cássima, a cikin wani idon ruwa don kar a kama su, shi kuma ya tsallaka zuwa Tanja a Maroko. A can ya samu wani kafinta ɗan Loulé da aka kamo, ya ba shi burodi uku kowanne da sunan 'ya ɗaya, ya ce ka koma gida, daren Saint John ka jefa su cikin ruwan kana kiran sunayensu. Kafinta ya ɓoye burodin a akwati. Matarsa kuwa son sani ya hana ta sakat, ta buɗe ta sa wuƙa ta yanka ɗaya, sai ga jini. Daren ya zo, biyu suka fita, Cássima ta kasa don ƙafarta aka yanke. Ba ta nuna fushi ba, har ma ta miƙa masa ɗamara mai ado ta ce ya kai wa matarsa, Allah ya taimake shi ya fara ɗaura ta a jikin wata bishiya a hanya, nan take bishiyar ta tsinke. Wani marubucin Fotugal mai suna Ataíde Oliveira ya tattara irin waɗannan labarai na Algarve a littafinsa na 1898.

Yanzu maganar ko 'ya'yan Musulmi ne. Musulmi sun shiga yankin Sifaniya da Fotugal a 711, kuma sai 1249 Sarkin Fotugal Afonso na uku ya ƙarasa karɓe Algarve daga hannunsu, don haka a kudu ba abin mamaki ba ne a jingina musu labarin, duk wani tsohon gini ko taska da ba a san mai ita ba sai a ce ai ta Larabawa ce. Sai dai ki lura, a Galisiya mulkin Musulmi bai yi wani zama ba, amma labarin matan nan ya cika ko'ina, kuma can an fi kwatanta su farare masu gashi ja ko ruwan zinare. Sannan wuraren da ake cewa suna zaune yawanci kaburbura ne na manyan duwatsu da aka gina sama da shekara 4,000 da suka wuce, tun kafin Musulunci da ma Kiristanci. Mutanen ƙauye kan ce mouran ce ta ɗauko duwatsun a ka, tana tafe tana kaɗi da mazari abinta. Shi ya sa masana da dama ke ganin tsohon imanin mutanen yankin ne game da matattu da ruhohin ƙasa, daga baya aka ɗora masa labarin Andalus, ni ma a nan na fi karkata.

Ki ce wa ƙawar taki rabin maganarta daidai ne, in a Algarve ne. A Galisiya kam ke ce da nasara.