Baba ya yi AVC (shanyewar ɓarin jiki), yanzu an ce zuciyarsa na bugawa ba daidai ba

Sannu ƴar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin tambaya ko wannan bugun zuciyar da lokotoro ya gano bayan AVC ɗin zai iya sake jawo wani, eh gaskiya zai iya, kar ku yi wasa da shi. Fibrilasiyon ake ce mishi, ɗakin sama na zuciya baya matsewa da kyau sai dai karkarwa, jini ya kwanta ya daskare, gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa ya toshe jijiya. Haɗarin yakan ninka kusan sau 5.

Amma akwai magani wallahi. Masu tsinka jini irin Sintrom ko Xarelto suna rage haɗarin da kusan kashi biyu cikin uku, aspirin kaɗai bata isa ba. Mahaifiyata Sintrom take sha, duk wata muna zuwa awon INR (awon tsinkewar jini) nan Yamai, ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3, da yake maganin na iya sa zubar jini, ranar da na ga jini a buroshin haƙoranta da safe ban jira ba muka koma asibiti.

Ranar fara maganin lokotoro ne zai faɗa bayan ya duba sikana (hoton ƙwaƙwalwa). Kar Baba ya daina sha don ya ji sauƙi, kar a haɗa mishi da jiƙe-jiƙe, a riƙa auna tansiyonsa.