Game da gidan da bangonsa ke tsagewa kusa da wurin haƙar ma'adinai

Malam, ka ce kana zaune a birnin Kano, amma gidanku na gado da ke ƙauye ya fara tsagewa, kuma ruwan rijiyarsa ya sauya launi tun da aka fara haƙar ma'adinai a kusa.

Batun ruwan ne ya fi tayar mini da hankali. A daina shan sa har sai masana sun gwada shi, a kuma kai yara asibiti a auna jininsu, domin gubar dalma daga haƙar ma'adinai ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a shekarar 2010, kuma tafasa ruwa ba ya kawar da ita.

Tsagewar bango kuwa, sau da yawa girgizar nakiya ce ke jawo ta. Kada ku yi gaggawar yaɓe wurin kafin ku ɗauki hotuna, injiniyan gini kuma ya rubuta rahoto. Dokar ma'adinai ta 2007 ta mallaka wa Gwamnatin Tarayya ma'adinan, amma ta wajabta wa mai lasisi biyan diyyar ɓarnar da aikinsa ya jawo. Ku sanar da dagaci, kuma kada ka sa hannu a takardar diyya sai lauya ya karanta ta.