Amsa: Me zan sa zuwa biki a Nima?

'Yar'uwa, kin ce an gayyace ki aure a unguwar Nima ta Accra, kin rasa abin sawa. Fara tambayar dangin amarya ko sun fitar da yayi, wato anko. In babu, ki shiga kasuwar Makola ki yanko atamfa yadi shida, ta isa riga da zani da ɗankwali.

Leshi kuwa sai da shafi a ciki, in ba haka ba rana za ta nuna jikinki. Farin leshi ki bar wa amarya.

Ki kai wa tela mako uku kafin biki, ki gwada, ki zauna a kujera da shi, don matsattsen siket wurin zama yake yagewa. Mayafi mara nauyi, saboda zafin ƙarƙashin rumfa.