Ka cire jakin dawan nan daga zanen Gashaka

Toh na ga hoton aikin da ka turo ta WhatsApp, na kuma ji tambayarka, wai me yasa mai otal ɗin yace zanen baiyi kama da gandun dajin Gashaka ba alhali ka saka tsauni ka saka dabbobi har kala huɗu, kuma fentin ya kwanta lafiya. Hannunka ya yi kyau ɗana, wannan ba gardama. Amma mutumin nan gaskiya ya faɗa maka, ɗan Serti ne, garin dake bakin gandun, yasan dajinsu. Ka shiga intanet ka kwaso jakin dawa da raƙumin dawa na Kenya ka jera su a gindin dutse. Jakin dawa asalinsa ba na dajin Najeriya bane gaba ɗaya, raƙumin dawa kuwa in kana son ganinsa kusa sai irin su Kure ta Nijar ko Waza ta Kamaru, ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai ƙaya, ba ruwansa da hawa tsauni. Don Allah ka cire su.

Gashaka-Gumti tun 1991 aka haɗe gandayen biyu, Gashaka da Gumti, suka zama gandun daji na ƙasa, shine mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000 tsakanin Taraba da Adamawa, kuma ba fuska ɗaya gareshi ba. Ɓangaren Gumti ta arewa fili ne da ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Ɓangaren Gashaka ta kudu shine na duwatsu, can Chappal Waddi yake a bakin iyakar Kamaru, mita 2,419, babu tsaunin da ya kaishi a ƙasar nan. Abinda na lura dashi lokacin da nake aikin allunan sanarwa a can ina bin renjoji masu gadin dajin, kan tsaunukan ciyawa ce, kurmin kuma yana kwance ne a cikin kwaruruka da bakin rafi, kore mai duhu yana bin tsagin dutse yana gangarowa. Kai kuma ka juya abin, ka cika ƙololuwa da bishiyoyi ka bar kwari fayau, duk wanda ya taɓa zuwa kallo ɗaya zai gane.

Sai maganar nisa, nan ne nafi so ka tsaya, don shine yasa tsauninka ya tsaya kamar katangar gida. Kore ɗaya ka shafa tun daga gaba har can ƙarshe. Ido ba haka yake gani ba, iskar dake tsakaninka da dutse tana cinye kala, duk layin tsaunin da ya ƙara nisa sai ya ƙara haske ya karkata zuwa shuɗi, gefensa ya daina kaifi. Ka fara da sama, ka bari ta sha iska, sannan tsauni mafi nisa ka haɗa shi da ragowar fentin saman nan ka ɗan ɗiga masa toka-toka, na biye ka ƙara masa kore kaɗan, haka haka har ka iso gaba inda zaka saki kala mai ƙarfi da ƙaramin buroshi. Daga baya ake tahowa gaba, kada ka taɓa fara da gaba. Kuma tun kafin ka buɗe gwangwani ka yanke shawarar wane lokaci kake zanawa. In damina ce komai kore shar, gajimare na zaune a wuyan tsauni ya rufe rabinsa, rafuka sun yi ja. In hunturu ne hazo yana haɗiye na nesa gaba ɗaya, shuɗin nan ma babu, sai fari-fari mai ruwan ƙasa, ciyawa ta bushe tayi ruwan zuma, wani gefen kuma baƙi ƙirin inda aka saka wuta da sabon tsiro yana hudowa. Naka saman na hunturu ne ƙasan na watan Agusta, ba zasu zauna a kyalle ɗaya ba. Ka tuna kuma fentin ruwan nan da muke aiki dashi in ya bushe yana ƙara duhu, saboda haka na nesa ka haɗa shi yafi yadda kake so haske.

Dabbobin wurin kuwa wallahi sun isheka. Biri mai roro kaɗai ya isa ya riƙe zane, baƙi ne da farin gashi dogo yana zubowa ta gefen jikinsa, fari ya zagaye fuska, jela doguwa da farin tuntu, kuma babban yatsan hannunsa kusan babu, kada ka zana masa hannu irin na mutum. Baƙinsa kada ka ɗebo daga gwangwanin baƙi kai tsaye, zai mutu a kyallen, ka haɗa shuɗi mai duhu da ruwan ƙasa. Gwaggon biri in yana tafiya kafaɗa tafi ƙugu tudu, jelar ta ɗaga sama kaɗan sannan ta karye ta sauko. Ɓaunar can bata kai wadda kake gani a tashoshin turawa girma ba, da yawa jaja-jaja ne, ƙahon ƙarami ya koma baya. Akwai gwanki mai dogayen kunnuwa da fuska baƙi da fari, akwai mazo, akwai gadar dutse dake tsayawa a kan tsinin kofato. Dorina a kogin Mayo Kam ido da kunne da hanci kawai zaka gani a saman ruwa, to iya abinda zaka zana kenan.

Biri mai ganga, wanda turawa ke kira chimpanzee, shi ake taƙama dashi a Gashaka, masu bincike sun daɗe suna binsa a kurmin Kwano dake cikin gandun, amma ganinsa ba ƙaramin abu bane, mafi yawa sai dai kaji yana dukan saiwar bishiya daga nesa, ko ka tarar da shimfiɗar rassan da ya lanƙwasa ya kwana a sama, ko 'yan sandunan da ya zura a ramin zuma ya yar. Shiyasa bana son a kafa dabba ƙatuwa a tsakiyar kyalle tana kallon mutum. A dutse dabba ƙarama ce, rabinta a ɓoye cikin ganye, mai kallo ya ɗan nema kafin ya ganta, a nan daɗin yake. Wannan ma yana taimakonka da kwastoman da baya son hoton mai rai a falonsa saboda addini, kada kayi masa musu, ka bashi tsauni da kurmi da sawun ɓauna a laka da shimfiɗar birin a kan reshe.

In ka samu kuɗin mota bayan an ɗauke ruwa kaje Serti, ofishin gandun yana nan, su haɗa ka da renja, kada ka kuskura ka shiga kai kaɗai kuma in yace tsaya ka tsaya, ɓauna ba abar wasa bace. Ƙaramin littafi da fensir ya isa, ka saka su a leda saboda raɓa. Dabba bata jiranka, layin baya zaka fara ja daga wuya zuwa jela, sai inda ƙafafu suka taka, in ta gudu ka barshi haka ka ja wani. A gefe ka rubuta ƙarfe nawa ne, rana ta ina take, inuwa wace kala. Hoton waya ka ɗauka don ƙidayar gaɓoɓi da yanayin ƙaho, amma kalar nesa waya ƙarya take yi, idonka zaka yarda dashi.

Wannan na otal kuwa basai ka yar da kyallen ba. Ka bi shi da farin fenti hannu biyu, ka bari ya bushe sosai, gobe ka zo shago da wuri mu haɗa kalar saman tare, ka taho da gwangwanin shuɗin nan da ka tafi dashi.